Ranar da Baba Ya Raka Ni Awon Ido

Mahaifina ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, kuma cikin duk abin da ya fito da shi daga aikin nan babu wanda yake tinƙaho da shi kamar idonsa. A ɗakin sigina yake zama, a tashar Sabon Garin Zariya, kuma a faɗarsa tun jirgi yana can nesa bai fi ƙwayar gero ba yake gane direban da ke ciki. Mu dai ba mu taɓa zuwa mun tantance ba. Duk shekara ana gwada musu ido a wurin aiki, shi kuma duk shekara sai ya karanta layin ƙarshe na allon haruffa. In ka biye masa zai ce har ƙudan da ya sauka a kan allon ya gaya musu mace ce ko namiji. "Idon reluwe ke nan," in ji shi, yana nuna shi da yatsa kamar wani zai saya.

Shekarun da nake magana a kai su ne lokacin da wayar hannu ta fara shiga hannun talaka, ana layi a ƙarƙashin lema don a buga waya. Ina koyarwa a wata sakandare a Samaru, na kama ɗaki a can. Baba da Mama suna gidanmu na Sabon Gari. Baba yana da wani tsohon babur wanda tun ina firamare yake hawa, kuma kusan kowane mako sai ya taso a kansa ya kawo mini saƙon Mama: kuka, daddawa, wani lokaci ɗanyen kuɓewa, sai ka ce a Samaru ba a kasuwa. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

To, a shekarar nan sai Baba ya fara karo da duniya. Ya fara da kwandon tumatir na wata mata a bakin kasuwa. Laifin matar ne, ta ajiye kaya a hanya. Sai ya fasa madubin babur a jikin ƙofar gidanmu, ƙofar da yake shige da fice ta cikinta tun kafin a haife ni. Laifin kafinta ne, ya gyara ƙyaure ya rage faɗi. Sai akuya. Akuya kam ba ta da mai tsaya mata, ita ce da laifi. Ranar da ya zurma cikin kwata a Kwangila, ya dawo gida da wando a yage da gwiwa a kuje, Mama ta je ƙarƙashin lema ta buga mini waya.

"Ki zo ki yi wa ubanki magana," ta ce. "Ni na gaji. So yake sai an kawo mini shi a tabarma."

Mun taɓa ganin irin wannan a gidanmu. Yayan Baba, wanda muke kira Baba Babba, haka ya fara. Idonsa garau, babu yana, babu ja, babu ciwo, amma sai ya riƙa buge abin da ke gefensa. Kafin a lallashe shi a kai shi asibiti, likitoci suka ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye jijiyar, saura kaɗan. Suka ba shi maganin ɗigawa da tabarau. Bai daɗe ba kaɗan ɗin ma ya tafi. Daga nan Baba ya zama ƙafarsa da idonsa. Duk Lahadi zai goya shi a babur zuwa coci, kuma tun daga ƙofar gida yake ba shi labarin hanya da ƙarfi: ga mai rake ya fito, ga shagon tela an yi masa sabon fenti, ga wani da jar hula yana faɗa da ɗan acaba. Mu yaran gida muna bayansu muna dariya, mun sa wa babur ɗin suna gidan rediyo. Da Baba Babba ya rasu, dab da shekarar da nake magana a kai, aka zo rabon kayansa, Baba bai ɗauki riga ko takalmi ba. Tabarau ɗin nan kawai ya ɗauka, mai kaurin baƙin firam, kuma ba a jima ba muka ga ya fara sawa.

Ni da na haɗa tabarau da tumatir da akuya, na gama lissafina. Ciwon yayansa ne ya kama shi, yana ɓoyewa. Na hau bas na je Sabon Gari da jawabina a shirye, irin wanda nake yi wa iyayen ɗalibai. Na ce asibiti za mu, kuma babur a ajiye shi.

"Asibiti?" ya ce. "Wurin da yayana ya shiga yana gani ya fito makaho?"

"Haba Baba, ba haka aka yi ba, ka sani."

"Ke kika kai shi ko ni?"

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na ƙi cin tuwo, wanda babu wanda ya cutu da shi sai ni. Muka turo masa fasto. Baba ya sa aka rataya kalanda a can ƙarshen tsakar gida, ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya karanta ƙananan rubutun ƙasa tsaf. Sannan ya ce fasto ya karanta. Fasto bai iya ba. Bawan Allah ya zo yi wa wani nasiha, ya tafi da shawarar ya je a duba masa ido.

Mama ce ta samo hanya, tana tsinkar zogale ko kallona ba ta yi. Ta ce, "Ubanki ba ya zuwa asibiti don kansa. Amma kin taɓa jin ya ƙi rakiya?"

Gaskiya ne kuwa. Tun da ya yi ritaya Baba ya zama ɗan rakiyar unguwa. Mai naƙuda, mai karaya, tsohon da fitsari ya ƙi fita, duk shi ake bugo wa ƙofa. Zai sa tsohon kwat ɗinsa na reluwe, ya riƙe kati, ya yi wa ma'aikatan jinya gardama, ya yi wa likita bayanin ciwon fiye da mai ciwon. A wurinsa a bar mutum ya je asibiti shi kaɗai abin kunya ne ga dukan zuri'a.

Ina da ƙawa likitar ido, tare muka yi sakandare, tare muka shiga ƙungiyar mawaƙan coci kafin karatu ya ɗauke ta. Tana duba marasa lafiya ranar Asabar a wani ƙaramin asibiti a Samaru. Na je na shimfiɗa mata dabarar: ni zan zama mai ciwo, ta duba ni na wasa, sannan ta ce ciwon na gado ne, ba za ta gane nawa ba sai ta leƙa na uba. Ta yi dariya ta ce ta yarda. Har na kai ƙofa ta ce, "Ke ma fa da gaske ya kamata a duba ki, tunda abin yana gidanku."

Na ce, "Ni? Ni da nake hango ɗalibi yana tauna cingam a layin ƙarshe?"

Ta ce, "'Yar babanta." A lokacin na ɗauka yabo ne.

Ranar Juma'a na kwana a Sabon Gari don in kafa ciwon. Na yi ta murza ido, ina lumshewa, ina tambayar wane ne ya shigo alhali ina ganinsa sarai. Mama ta taya ni da salati irin namu, tana "Ya Ubangiji, yarinyar nan," har ta so ta wuce gona da iri. Ita kuwa ta riga ta share ɗakin ajiya na bayan kicin, ta nemo kwaɗo. Shirinmu shi ne da mun dawo da hukuncin likita, babur ya shiga ciki a rufe, makullinsa ya koma jakata.

Da safe Baba ya fito da kwat ɗin reluwe, da hula, da tabarau. Na ce mu hau bas. Ya kalle ni kamar na zage shi. Haka na hau bayan mutumin da na yi imani ya kusa makancewa, muka kama hanyar Samaru, ina karanto duk addu'ar da na sani. A Hanwa ya kusa shafar mai baro, ya juya ya zazzage shi da faɗa.

A asibitin aka fara da allon haruffa. Nan fa halin gado ya tashi. Na manta ni mai ciwo ce, na karanta tun daga babban harafi har layin ƙarshe ba tuntuɓe, da ido ɗaya, sannan da ɗayan. Baba yana zaune da katina a hannu ya ce, "Ciwon naki yana da ladabi, Uwata. Ya san lokacin jarrabawa."

Ƙawata ta shigar da mu wani ɗaki, ta ja labule, ta kashe fitila. Ta ɗauko wani abu kamar tocila mai ɗan kai, ta ƙyafta mini ido, sannan ta shiga yi wa Baba bayani, don ai dominsa ake wasan.

"Baba, allon can ba ya faɗar komai a kan wannan ciwon. Mutum zai karanta shi tas alhali ciwon yana cinsa daga gefe. Can bayan ido akwai jijiyoyi sirara, sun fi gashi siranta, a shimfiɗe, duk sun taru wuri guda sun wuce ƙwaƙwalwa. Su ke kai saƙon abin da aka gani. Da wannan fitilar nake leƙa su ta ƙwayar ido. In na mai da hasken kore sai su fito fili, in ga ko suna nan cif ko wasu sun zube."

"Kamar wayoyin sigina," in ji Baba.

"Kamar su."

Ta ce in kafa ido a kan wani ƙusa a bango, ta matso har ina jin numfashinta a kumatuna. Idon dama ta leƙa da farin haske, ta mai da shi kore, ta ɗan jima, ta koma na hagu. A na hagun ta zauna. Ta ce in kalli sama, in kalli ƙasa, ta koma na dama, ta sake dawowa. Hawaye ya fara zubo mini saboda hasken. A raina na ce kai, wannan ta fi Mama iya wasan kwaikwayo. Na miƙa hannu na mintsine ta a cinya, wato ya isa haka, ga babban kifi can yana jira. Ba ta ko motsa ba. Da ta ɗago sai ta ce, "Baba, zo in ga naka."

Na gyara zama don rigima, na tanadi amsar duk abin da zai ce. Sai kawai ya miƙe, ya cire hula, ya miƙo mini kati, ya zauna a kujerar. Ban taɓa ganin Baba ya sallama babu gardama ba, kuma ban ji daɗin nasarar tawa ba ko kaɗan.

Ta zare masa tabarau, ta ɗaga shi ta leƙa ta ciki, ta matsar da shi gaba da baya.

"Baba, wa ya rubuta maka wannan?"

"Likita."

"Wane likita?"

"Likitan yayana."

Ta kalle shi, shi kuma ya ga kamar ƙofa ce aka buɗe masa, ya shiga bayani dalla-dalla. Shi da yayansa uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ya kama wancan yana hanya, ba makawa. Yayansa ya makara ne, sai da ciwo ya ci ƙarfinsa ya fara sa tabarau. Shi kuwa ya ga gara ya riga ciwon, ya fara sawa tun da wuri, tunda jini ɗaya ne, magani ma ɗaya ne, kuma ba na kan tire ba ne a kasuwa, na asibiti ne.

"To in ka sa kana gani sosai?"

"Dishi-dishi. Amma ai magani ba ya daɗi."

"In ka cire fa?"

"Garau," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Shi ma haka ya yi ta cewa, garau yake gani."

Ƙawata ta cije leɓe. Ta leƙa idanunsa da farin haske da kore, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗiga masa wani magani ta auna ƙarfin ruwan idon da wani ƙaramin abu da ke taɓa ƙwayar. Sannan ta ajiye kayan ta ce, "Baba, jijiyoyinka suna nan cif, ko ɗaya ban ga ta zube ba. Wannan tabarau na karatu ne, mai ƙarfi kuwa, an yi shi don abin da ke kusa da hanci. Da shi kake hawa babur daga Sabon Gari? Allah ne kaɗai ya tsare akuyoyin Zariya."

Tirƙashi! Dariya da haushi suka taso mini lokaci guda. Watanni ina kasa barci, na ɓata da tuwo, an jawo fasto cikin magana, ashe mutum ne ya rufe idonsa da gilashi da hannunsa. Na miƙe tsaye na fara: "Ka gani ko, Baba? Ka ga abin da gardama take jawowa? Da tun farko ka ji magana..."

"Ke, zauna," in ji ƙawata. "Ban gama da ke ba."

Na ce, "Ai an gama, an ga abin da aka zo gani."

"Zauna, don Allah."

Yadda ta faɗi don Allah ɗin ne ya zaunar da ni. Ta auna ƙarfin ruwan idona, ta sake aunawa. Ta ɗiga mini wani magani mai yaji wanda ta ce zai buɗe ƙwayar idon ta ga ciki sosai, ta ce mu jira a waje. Muka zauna a benci ni da Baba. Rubutun da ke bango ya fara narkewa a idona. Da ta sake kiranmu ta daɗe tana leƙawa, har wuyana ya ƙage.

Ta kama bakin gyalena, inda zare ya yi tuntu, ta baza shi a tafin hannunta. "Kin ga zaren nan? Haka suke a idon Baba, a jere, ba giɓi." Ta ware wasu ta lanƙwashe su baya, wuri ya buɗe a tsakani. "Haka na gani a idonki na hagu, ta ƙasa. Na dama ma ya fara siranta. Ruwan idonki ya yi ƙarfi, yana danne su."

"Amma ina gani lafiya lau," na ce. "Kin ga na karanta allon nan har ƙasa."

Ba ita ta amsa ba. Daga bayana Baba ya ce, "Yayana ma ya karanta."

Na hau ta da faɗa. Na ce wasa muka shirya, ba wannan ba, na ce fitilarta ce ta lalace, na ce ban kai shekarun ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce jijiyoyin da suka mutu ba sa dawowa, babu allura, babu tiyatar da ke tayar da su. Amma da yawa suna nan, kuma an kama abin da wuri, ba kamar na Baba Babba ba. Zan riƙa ɗiga magani kullum, ba fashi, har iyakar raina, in riƙa zuwa ana leƙawa, kuma za ta tura ni babban asibiti a gwada ganina na gefe da na'ura. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na tuna allon ajina, na tuna fuskar Baba Babba yadda yake juya ta wajen murya.

Har yau ina ɗiga maganin, safe da yamma. Giɓin hagu yana nan inda ta gan shi, ya ɗan ƙaru kaɗan. Ina karatu, ina rubutu, har yanzu ina hango mai tauna cingam, in dai ba ta wancan gefen ya zauna ba. Amma ranar ban san za a yi haka ba.

Muka fito, rana ta tsaka ta doke ni a fuska. Da ƙwayar ido a buɗe ko kaɗan ban iya ɗaga fatar ido ba, hawaye kawai ke zuba. Baba ya ja gyalena ya rufe mini fuska, ya kama hannuna zuwa inda ya jingine babur. Na ji ƙarar tabarau yana naɗe shi, ya sa a aljihun kwat.

"Tun jiya na san ƙarya kike," ya ce. "Mai ciwon ido ba ta zura zare a allura ta ɗinke wa uwarta zane."

"To me ya sa ka biyo ni?"

"Na gaji da tsoro. Na ce gara in je a faɗa mini in huta. Na shirya tsaf, har na yi addu'ata." Na ji yana neman makulli a aljihun da ba nan yake sa shi ba. "Kaina na shirya wa, Uwata. Ban shirya wa wannan ba."

Na hau bayansa, ido a rufe, na riƙe kwat ɗin. Bai taɓa tuƙi a hankali kamar ranar ba, kuma ko mai baro ɗaya bai shafa ba. Muna fita titi sai na ji ya gyara murya.

"Ga masu lemo nan sun jera a bakin kasuwar Samaru. Ga ɗalibai sun cika bas, wani ya rataya a ƙofa."

"Baba, ban makance ba fa. Maganin ne, anjima zai sake ni."

"Na sani," ya ce. "Ga mai rake ya fito. Mun kusa Zango."

Ban sake hana shi ba. Ya ba ni labarin Palladan, ya ba ni na Hanwa, ya nuna mini kwatar Kwangila da ya faɗa, ya ce har yanzu ba a rufe ta ba, gwamnati ce da laifi. Muryarsa tana shigowa ta bayansa zuwa kumatuna, wani wuri ta tsinke ya tari ya ci gaba. Muka shiga layinmu, ya rage gudu, ya tsaya.

"Mun iso," ya ce. "Ga mamanki a ƙofar gida, tana murmushi, da kwaɗo a hannu. Ban san me za ta kulle ba."

Na kifa fuskata a bayan kwat ɗin, na ƙi sauka.